Tayil Ɗin da Ya Kayar da Ladaninmu

Zuwa ga Alhaji Musbahu, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu, da sauran 'yan kwamitin gyaran masallacin Juma'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, kuma an fara shigar da amfanin gona gida lafiya. Allah Ya sa albarka a masarar bana, Ya tsare ta daga gara da ɓarawo.

Ni ne Malam Haruna, wanda har yanzu ake kira Hedimasta, ko da yake na ajiye alli tun ba a haifi wasu magidantan garin nan ba. Kai dai, Alhaji, ba sai an gabatar maka da ni ba. A gabana ka koyi riƙe fensir, kuma ni na rubuta maka takardar da ka tafi sakandare da ita a Malumfashi. Ba gori nake yi ba. Na faɗa ne don kowa ya san mai maganar nan ba baƙo ba ne, ba kuma ɗan adawar kowa ba ne.

Da so samu ne, da a zaurenka muka ƙare wannan magana. Na zo, aka ce kana Funtuwa. Na sake zuwa, na tarar kana da baƙi masu sayen waken suya. Ka tashi ka gaishe ni da ladabi, ka sa aka kawo mini ruwa da goro, ka saurare ni da kunne ɗaya, ka ce in sha Allahu za a duba. Na yi aikin gwamnati har na tsufa, na san irin wannan in sha Allahun. Sai ga shi Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, aka yi sanarwa cewa idan kaka ta kammala kowane magidanci ya kawo abin da ya sauƙaƙa na hatsi, za a shimfiɗe harabar masallaci gaba ɗaya da tayil, daga ƙofar kudu har gindin darbejiya. Tunda a bainar jama'a kuka faɗa, ni ma a bainar jama'a zan amsa.

Na ɗaya, maganar tayil ɗin da aka riga aka sa.

Ban taɓa ƙin gyaran masallaci ba. Rufin yana yoyo, bango ya tsage, kuma na kawo nawa buhun kamar kowa. Amma da aka zo kan abin da za a shimfiɗa a ƙasa, kun tafi Funtuwa kun zaɓo mai ƙyalli, fari fat, irin wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Kun ce irinsa ake sa wa a masallatan birni. Kun ɗaga daɓen saboda ruwan damina, wannan daidai ne, amma matakalar da kuka yi doguwa ce, kun lulluɓe ta da wannan tayil ɗin, ba ku sa ko ƙarfe ɗaya da mutum zai dafa ba. Wurin alwala kuwa, inda da muke zama kan duwatsu da butocinmu, ruwa yana shigewa cikin tsakuwa, kun jera famfo kun shimfiɗe shi shi ma. Ruwa ba ya shiga tayil, kwanciya yake yi a kai. Tsoho ya tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa, ya miƙe da jiƙaƙƙen tafin ƙafa, gwiwa tana rawa, ido ya fara hazo, babu abin kamawa sai iska.

A shagunan da kuka je akwai tayil mai kaushi. Na gan shi da idona lokacin da na je tantance 'yan fansho. Aibinsa ɗaya ne, ba ya kyau a hoto.

Akwai mutumin da ya fi kowa taka wannan wuri, shi ne Malam Iliyasu, ladanin masallacin. Ga masu karatun da ba su san shi ba, taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tare muka tashi. Ni aka kai ni boko, shi aka bar shi da allo da fartanya. Ya fara kiran salla tun babu lasifika, lokacin da sai ya hau tudun bayan masallaci ya toshe kunne ya ɗaga murya har masu noma a fadama su ji. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan boko. Ni kuma Zakara nake ce masa, saboda shi ke ta da gari. Ranar da aka buɗe masallacin bayan gyara, ya tsaya a bakin ƙofa, ya duba ƙasa, ya ce mini, "Ɗan boko, ga madubi an kawo maka kyauta, sai ka riƙa duba furfurarka." Muka yi dariya. Amma na lura, da zai shiga, sai da ya dafa kafaɗata.

Na biyu, taron malamar lafiya.

Da ranin da ya wuce wata malamar lafiya ta zo garin nan da abokan aikinta, a kan wani shiri na kare tsofaffi daga faɗuwa. Ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce garin da aka ga akwai buƙata, za su riƙa dawowa, su duba idon tsofaffi, su auna hawan jini, su duba magungunan da ke sa mutum jiri, su koyar da 'yan motsa jiki na ƙarfafa ƙafa, su bi gida-gida su ga banɗaki da dokin ƙofa da bakin rijiya. Ta roƙi a ba ta ɗaki guda, tsofaffi su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, maza da mata. Ina wurin ka ce mata a'a, dattawan garinmu ba za a jera su a layi kamar yaran rigakafi ba, taro za a yi musu na girmamawa.

Ka yi taron kuwa. Ka kafa rumfa a ƙofar gidan mai gari, ka jera kujerun roba, ka kawo lasifika da lemo da mai ɗaukar hoto. Aka zaunar da mu a gaba. 'Ya'yanmu da surukanmu da jikokinmu suka tsaya a bayanmu, gari guda. Tsofaffin mata ko ɗaya ba a kira ba. Da baiwar Allah ta ga haka, ba ta da yadda za ta yi, sai ta karɓi lasifika ta ce duk wanda ya taɓa faɗuwa a cikin shekarar nan ya ɗaga hannu.

Alhaji, a garin nan aka yanke maka cibiya. Ka san dattijo ba ya amsa cewa ya faɗi a gaban mijin 'yarsa. Idan ya faɗi a banɗaki, sai ya ce zama ya ɗan yi. Idan gwiwarsa ta kumbura, sanyi ne. Idan goshinsa ya fashe, ƙofa ce ta buge shi. Ba girman kai ne kawai ba. Ya san ranar da ya amsa, daga ranar za a fara ce masa, Baba ka huta, mu za mu je gona. Sai a karɓe makullin sito don kar ya wahala. Sai a sayar da masara a gaya masa daga baya. Sai a ɗaura auren jikarsa yana jin labari kamar maƙwabci. Mutum ya gwammace ya ɓoye ciwo da a mai da shi kayan ɗaki yana da rai. Kowa a ƙarƙashin rumfar nan ya san wannan, har baƙuwar da ke riƙe da lasifika, ita kuma tun farko ta nemi ɗaki don ta kauce masa, ka hana.

Ni na ɗaga hannu. Ba jarunta ba ce, ni ba ni da abin da za a karɓe; gonata na raba wa yara tuntuni, siton da nake da shi na tsofaffin littattafai ne da gara ke ci. Iliyasu yana gefena yana jan hannun rigata, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Sauke, Ɗan boko, ga surukina mijin Hauwa can yana kallo." Alhali ni na san ya zame a matakalar masallaci ana sauran 'yan kwanaki taron, domin ni na ɗaga shi, ni na kakkaɓe masa riga, ya ce in na gaya wa wani bai yafe ba. Na duba dama, na duba hagu. Mutanen da na san sun faɗi a gona, sun faɗi a bakin kwata, sun faɗi daga kan babur yana tsaye, duk sun sunkuyar da kai suna jan carbi. Hannuna kaɗai a sama.

Sai wani daga baya ya ce, "Hedimasta ya san amsa." Wurin ya ɗauki dariya. Kai ma ka yi, na gan ka. Ka karɓi lasifika ka ce alhamdu lillahi, dattawan garinmu manoma ne, ƙafarsu ba ta san kasala ba, shi ma Malam nauyin takardu ne ya rinjaye shi. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka sha lemo.

Malamar ta zo wurina bayan an tashi. Ta tambaye ni inda na faɗi da yadda aka yi, ta ce in je a duba mini ido, in kuma nemi sanda mai roba a gindi. Da za su tafi suka bi ta masallaci don sallar azahar, ta ga matakalar da wurin alwalar, ta yi maka magana a gabana. Ka ce za a duba. Ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Garin da mutum ɗaya ne ya faɗi, shi ma abin dariya, me za su dawo yi? Suka nufi ƙauyukan wajen Ƙarfi. Na ji ana cewa can har an koya wa tsofaffi yadda za su tashi daga ƙasa in sun faɗi babu kowa kusa.

Na uku, abin da ya sami Malam Iliyasu.

Farkon damina ne, an gama shuka. Ana ɗan yayyafi, lokacin la'asar ya shiga. Ina zaurena ina jiran kira, na ji shiru. A iya sanina da garin nan la'asar ba ta taɓa shiga shiru ba. Na yafa mayafi na fita. Na same shi kwance tsakanin wurin alwala da matakala, a kan farin tayil ɗin nan, hularsa a gefe, ƙafarsa ta dama ta juya waje yadda ƙafar mutum ba ta juyawa. Waɗanda ke kusa sun ce ya idar da alwala, ya miƙe da ɗan sauri don kar lokaci ya wuce, taku ɗaya ya yi, ƙafar ta tafi. Bai yi kuka ba. Da na durƙusa, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ɗan boko, ja mini rigar nan ta rufe ni." Sai kuma ya ce kar in bari mutane su taru.

Aka ɗauke shi a tabarma, aka sa a a-kori-kura, aka kai shi wurin wani mai ɗori a wajen Gozaki, kamar yadda muka saba. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa. Aka jira, ƙafa ba ta ɗauku ba. Sai daga baya aka kai shi asibiti a Funtuwa, aka yi hoto, aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, can ciki, inda karan ɗori ba ya kaiwa. Likita ya ce da tun farko ne da an gwada aiki, amma yanzu jikin ya yi rauni ƙwarai. Aka dawo da shi gida.

Ka zo dubiya, Alhaji, ba zan hana ka wannan ba. Amma dubiya minti kaɗan ce, an share ɗaki, an kunna turare, an lulluɓe mara lafiya. Ni da nake wuni a wurin zan gaya maka abin da ba ka gani ba. Matarsa Talatu, ita ma tsohuwa ce mai ciwon baya, ita ke juya shi, ta kama nan ta ja can tana haki. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Mutumin da ɗan cikinsa bai taɓa ganinsa babu hula ba, ya koma sai an ɗaga shi an sa masa fo, an share shi. Duk lokacin da za a yi haka sai ya juya fuska bango ya rufe ido, kamar in bai gani ba ba a yi ba. Mijin Hauwa, wanda ya ji nauyin ɗaga hannu a gabansa, shi ne ya riƙa ɗaukarsa kamar jariri, Allah Ya saka masa.

In lokacin salla ya yi, kafin sabon ladan ya kira, sai ka ga leɓensa yana motsi. Wani lokaci ya ce mini sabon nan yana da murya amma yana gaggawa, in gaya masa ya riƙa jan numfashi. Daga baya ya daina gyara. Daga baya ya daina cin tuwo, sai kunu, sai ruwa. Tari ya kama shi. Wata ranar da hantsi ina zaune ina yi masa fifita, na zaci barci yake, sai ya buɗe ido ya ce, "Ɗan boko, ashe kai ka san amsar." Ya so ya yi dariya, tarin ya hana shi. Wannan ce tsokanar ƙarshe da ya yi mini. Ya rasu lokacin da aka fara gasa sabuwar masara, bai ɗanɗana ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kiran da ya yi ya zama shaida a gare shi.

Na huɗu, abin da aka faɗa a zaman makoki.

Ka zo, ka kawo shinkafa da mai, ka yi wa iyalansa alheri, Allah Ya ba ka lada. Ka zauna a tabarma kusa da ni ka ce, Malam, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, domin na yi imani babu mai wuce ranarsa. Amma ina so in tambaye ka. Idan direbanka ya ce birkin motarka ya lalace, kakan ce masa ya loda masara ya hau hanyar Dandume, ai kwana bai ƙare ba? Idan tsutsa ta shiga gonarka, kakan bar ta ka ce ƙaddara ce, ko kakan aika a sayo magani tun rana ba ta faɗi ba? Me ya sa sai a kan ƙafar tsoho ne muke tuna tawakkali? Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ban san me za a ce da waɗanda suka tara hatsin jama'a suka sayo abin cutarwa suka shimfiɗa a hanyar salla ba.

Washegarin sadakar uku na bi ta wurin alwalar. Yana nan yadda yake, ruwa kwance, yana ƙyalli. An dai wanke shi.

Na biyar, sahun farko.

Juma'a mai zuwa, kafin ka ta da kabbara, ka ɗan duba damanka da hagunka. Ka ga su wa ke bayan liman. 'Yan kasuwa ne da matasa. Ina dattawan da suka yi shekaru suna riƙe da wannan sahu, kowa da wurinsa har ba mai zama masa? Muna waje. Muna alwala a gida, mu zo mu shimfiɗa buzu a ƙasar haraba, gindin darbejiya, inda ƙafa ke kama ƙasa. Ba taro muka yi muka yanke ba. Ɗaya ya fara, wani ya bi, babu wanda ya tambayi wani dalili. Da wani ɗan kwamitinku ya tambayi Malam Garba maƙeri me ya fito da shi, ya ce zafi ne ya yi yawa a ciki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin zuga-zugi, wai zafi ya kore shi. Kuka yarda. Kuka sayo fankoki.

Abin bai tsaya a masallaci ba. Tunda aka ga tayil a ɗakin Allah, ya zama shi ne alamar ɗa nagari. Duk wanda auduga ko masara ta yi wa kyau, sai ya fasa daɓen ɗakin tsohuwarsa da banɗakinta ya sa mai ƙyalli, don a ce ya yi mata gata. Da zuciya ɗaya suke yi, na sani. Ɗana da ke aiki a Kaduna ya aiko magini don ya sa mini, na mai da maginin, har yau yana jin haushina, yana ganin na ƙi albarkarsa ne. Yayar matata Binta, ɗanta ya yi mata irin wannan gatan. Ta zame da sabulu a ƙafa, ta kwana biyu ba ta faɗa wa kowa ba, da aka matsa ta ce jiri ne ya ɗebe ta. Ba za ta ce tayil ɗin ɗanta ne ba, don kar ya ji ya yi abin banza. Yanzu da rarrafe take shiga banɗakin, ta rufe ƙofa kar jikoki su gani. Irin su ne ba a kira taron ba.

Ni kaina yanar ido ta fara rufe mini na hagu, gwiwata kuma ba ta da amana. Da kwagiri nake tafiya yanzu. Na Iliyasu ne. Wani ya kawo masa tsaraba tun da daɗewa, ya rataye shi a bango bai taɓa fita da shi ba, yana cewa sai ya tsufa. Talatu ce ta ba ni bayan ta fita takaba... a'a, tun ranar bakwai ta aiko mini da shi, ta ce ba ta son ganinsa. Na kai wa mai faci ya sa masa roba a gindi kamar yadda malamar ta ce. Da shi nake lallaɓawa har gindin darbejiya.

Wannan 'yar ƙasar ita kaɗai ta rage mana. In kun shimfiɗe ta, ba za mu yi zanga-zanga ba, ba za mu zo ƙofar gidanka ba. Ka san mu. Kowa zai ce sanyi ne ya kama shi, ya yi sallarsa a ɗaki. Za mu riƙa jin huɗuba ta lasifika kamar masu takaba, ku kuma ku ce tsofaffin yanzu sun rage zuwa masallaci.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, da ladabi.

A bar harabar nan yadda take. In dole sai an gyara saboda taɓo, a zuba tsakuwa da yashi, ko a yi siminti mai kaushi. Wannan ita ce babbar buƙatata, in ma ba za a yi sauran ba.

Hatsin da za a tara, a fara da wurin alwala da matakala. A ɓamɓare mai santsin a sa mai kaushi, a yi wa ruwa hanya, a sa ƙarfen dafawa dama da hagu. Malam Garba zai ƙera shi, kuma ina tsammanin zai fi kowa murna, ko da ba zai faɗa ba. A yi ɗan dakali a gefe inda tsoho zai zauna ya sa takalmi, ba sai ya tsaya da ƙafa ɗaya ba.

Ka neme ta malamar nan, kai da kanka, domin kai ka ce mata ba mu da matsala. Ka ce mata ta dawo. A ba ta ɗakin da ta roƙa, a ja labule, kar a bar ɗa ko suruki a bakin ƙofa, kar a kawo mai hoto. Mata kuma a bi su cikin gida. Za ta ji abin da zai ba ta mamaki.

A roƙi liman ya yi huɗuba guda a kan wannan. Ya gaya wa tsofaffi cewa riƙe sanda ba abin kunya ba ne, faɗar ciwo ba raki ba ne. Ya gaya wa 'ya'ya cewa in uba ya ce ya faɗi, ƙarfen dafawa za a sa masa da ƙwan fitila a hanyar banɗaki, ba makullin sito za a karɓe ba. Muddin ana karɓe makulli, ba wanda zai ɗaga hannu. Ya kuma gaya musu in tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a fara da asibiti a yi hoto kafin komai.

Ban sa rai da yawa ba. Na rubuta takardu masu yawa a rayuwata, da kyakkyawan rubutu da Turanci mai tsabta, zuwa ga manyan da suka fi ka nisa, kuma na san inda takarda ke ƙarewa. Mai yiwuwa wannan ma a ce Hedimasta ne da nasa. Don haka zan ƙara abu ɗaya, shi ba roƙo ba ne, wasiyya ce, kuma duk wanda ya karanta ya zama shaida. In kun shimfiɗe harabar, ranar da tawa ta zo kar a kawo makarata nan. A wuce da ni filin bayan makaranta, inda akwai ƙasa, a yi mini salla a can. Abokaina da suka rage ba su da yawa, kuma ina so su iya tsayawa a kaina ba tare da suna duban ƙafarsu ba.

Ina yi maka addu'a, Alhaji, irin wadda malami ke yi wa ɗalibinsa. Allah Ya ƙara maka arziki na halal, Ya shirya maka zuri'a, Ya ba ka tsawon rai har ka ga furfurar 'ya'yanka. In ka kai shekarunmu, gwiwa ta fara rawa, ido ya yi hazo, Allah Ya sa ka sami abin dafawa, Ya kuma sa in ka ɗaga hannu kar a yi maka dariya.

Wassalam.

Malam Haruna,
tsohon hedimasta, daga gindin darbejiya.